Kada ku matsa wa tsohon injin jirgin ruwa da kik

Ƙannena masu koyon gyaran tsofaffin injunan dizal da ake girkewa a cikin jirgin ruwa, irin su Lister da Volvo Penta da Perkins, ku sani cewa abin da hannu ya saba da shi a garejin mota yana iya kashe su. Ni daga gyaran mota na fito, kuma wannan sabo na hannu ne ya sa na lalata wani Perkins 4.108, injin nan mai silinda huɗu ƙirar Ingila, wanda ya yi shekaru yana aiki lafiya kafin ya zo hannuna.

Ya ƙi tashi ne bayan na canza masa filtar mai, sai na yi ta buga kik ina jiran ya kama. Mota tana da lagireto, amma jirgi ruwan da yake kai yake zuƙowa ta wani famfo mai farfelar roba, ya sanyaya inji da shi, sannan ya zuba shi cikin salansa, inda ƙarfin hayaƙi ke tura shi waje. Idan kik yana juyawa inji bai kama ba, famfon yana nan yana zuba ruwa alhali babu hayaƙin da zai kore shi, har salansa ta cika, ruwan ya koma ta bawul ɗin fitar hayaƙi ya sauka a kan fistan. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka sandar fistan ce ta lanƙwashe, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Ainihin ciwon injin ƙarami ne, domin iska ce kawai ta shiga layin mai. Maganinta shi ne a sassauta notin da ke kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfon mai har kumfa ya ƙare, a yi haka a babban famfon mai ƙirar kamfanin CAV, wanda ke tura mai zuwa nozul, sannan a sassauta notin bututun nozul a ɗan juya inji har mai ya fito. Duk lokacin da za ku daɗe kuna juya shi, ku rufe bawul ɗin shigar ruwa tukuna, amma ku buɗe shi da zarar inji ya kama, saboda farfelar roba tana ƙonewa cikin ɗan lokaci idan ta juya a bushe.

Idan kun ji kik ya tsaya cak alhali batir yana da ƙarfi, wataƙila ruwa ya shiga silinda, don haka kada ku ƙara taɓa makulli. Ku cire nozul duka, ku juya injin da hannu ruwan ya fita, ku canza baƙin mai sau da yawa har ya daina yin fari kamar madara, kuma a ranar za ku yi, domin ruwan gishiri ba ya jira kafin ya fara cin silinda.

Na kuma taɓa canza farfelar da ta karye ban ƙirga fikafikanta ba, injin ya ci gaba da zafi, domin gutsattsarin sun maƙale a bakin bututun na'urar sanyaya ruwa. Ku jera abin da kuka ciro a kan tsumma, ku tabbatar kowane fiffike ya cika, sannan ku rufe famfon.