Zakara biyu da kaza shida a farashin araha

Lokacin da na ajiye aikin ofis a Katsina na koma gonar mahaifina da ke bayan Daura, ta wajen Sandamu, da littafin lissafi na tafi. Na riga na gama komai a takarda. Kaji 100 masu ƙwai, kowacce tana cin giram 110 zuwa 120 a rana in ta girma, ke nan buhu mai kilo 25 kwana biyu zai yi musu. Su fara ƙwai tsakanin mako na 18 da na 20, kiret ɗaya ƙwai 30. Na tara, na ɗebe, riba ta fito fes. Har babur ɗin da zan saya na zaɓa a raina. Takarda dai ba ta yi wa mai ita musu.

Daga Ibadan 'yan tsakin suka zo, kwali biyu, bayan sun kwana a hanya. Hunturu ya fara leƙowa. Na shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa, na hura gawayi a kasko, na rataye ma'aunin zafi a bango, don na karanta cewa a makon farko suna son zafi wajen digiri 33. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda gidanta ke kallon gonar, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ko kallon ma'aunin ba ta yi ba.

Ta ce, "Ɗan nan, sanyi suke ji."

Na ce, "Gwaggo, ai ga shi ya nuna daidai."

Ta ce, "Shi a bango yake, su a ƙasa."

Na yi dariya. Da safe na tsinci huɗu a gindin kasko, 'yan'uwansu sun danne su cikin dare. Tun ranar na fara koyon tsugunawa in duba. In sun dunƙule wuri guda suna wani siririn kuka mara yankewa, sanyi ne. In sun gudu jikin bango sun buɗe baki sun saki fukafukai, wuta ta yi yawa. In duk sun karkata kusurwa ɗaya, to iska na shigowa ta wata kafa. Kuma kada tsoron sanyi ya sa ka toshe ɗakin ruf, hayaƙin gawayi ya fi sanyin saurin kisa.

Wannan ƙaramar asara ce. Babbar da hannuna na ɗauko ta.

Cikin watan Janairu na je wata kasuwar ƙauye sayen dusa, na ga ana ta rububin sayar da kajin gida kusan rabin kuɗinsu. Na sayi zakara biyu da kaza shida, ina jin na yi wayo, na zo na sake su a tsakar gona. Ban tambayi kaina me ya sa mutum zai karyar da kazarsa haka ba. Ashe duk wani yaro a garin ya san amsar: in ciwo ya shiga unguwa, mutane kwashe kajinsu suke yi su kai kasuwa kafin su faɗi. Araha ba ta ado, amma ni sai da na gani.

Bayan 'yan kwanaki zakara ɗaya ya tsaya yana gyangyaɗi da rana tsaka, gashinsa a tashe. Sai kashi ruwa-ruwa mai kore, sai haki, baki a buɗe kamar mai neman iska. Wasu wuyansu ya murɗe har kai ya kalli sama, suna juyawa wuri guda. Ma'aikacin dabbobi da na kira daga Daura ya duba ya ce cutar Newcastle ce, ba ta da magani, kuma lokacin hunturu ta fi ɓarna. Na ce ai na ba nawa rigakafin Lasota. Ya tambaye ni yadda na kawo shi. A aljihun riga na sako kwalbar daga Katsina, cikin rana, har na tsaya gaisuwa a hanya. Ya girgiza kai. Rigakafin nan mai rai ne, sai cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, a dama shi da ruwan da ba a sa wa sinadarin tsarkake ruwan famfo ba, a bar kajin da ƙishirwa kaɗan tukuna don su shanye cikin awa biyu. Ni ruwa kawai na ba su, na rubuta a littafi cewa an yi rigakafi.

Na rasa fiye da rabi. Amma ba nawa ne suka hana ni barci ba. Kajin ƙauye ba su san iyakar gona ba, na Gwaggo kullum suna cikin nawa suna tsattsagar dusa. Goma sha ɗaya gare ta. Su ne kuɗin maganinta, su ne ɗinkin sallar jikoki, su ne abin da take yanka wa baƙo ta fita kunya. Ta jiƙa musu ɓawon maɗaci, ta sa barkono a ruwa, bai hana komai ba. Ɗaya ta rage. Da na je ba ta haƙuri, sai ta ce, "Haba ɗan nan, kwanansu ne ya ƙare." Na sunkuyar da kai. Ni na san a kan wane babur kwanan nasu ya shigo gari.

Yanzu duk kazar da ta fito kasuwa, ko daga Mai'adua ko daga ina, akurkinta daban a can ƙarshen gona, sai ta yi mako biyu ina kallonta. Mai sayen ƙwai a waje yake tsayawa. Akwai kuma rigakafin da ake kira I-2, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, ya fi jure zafi, ɗigo ɗaya ne a ido. Duk bayan wata uku zuwa huɗu nakan bi gida-gida da magariba, in kaji sun shiga akurki, in ɗiga wa na unguwarmu. Wasu na cewa Malam ya cika kirki. Ba kirki ba ne kaɗai, kaina nake karewa, kuma bashi nake biya.

Sauran abubuwan kowa da sannu yake koyonsu. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana rage ƙwai, sai ka koma ba da abinci da sassafe da yamma, ruwa kuwa daga randa. Gafiya ta fi shirwa sata, don ita ba a ganinta. Abinci shi ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo, kuma farashin masara ba ya shawara da littafina. Kashin kaji da ɓuntu kuwa sun gyara min gonar gero fiye da yadda na zata.

Kazar nan ɗaya da ta rage wa Gwaggo, baƙa mai guntun jela, bana da damina ta sa mata ƙwan zabi. Na ce ai kwana 21 kaza ke kwanci, za ta tashi ta bar su. Gwaggo ta ce in zuba ido. Ta ƙara kusan mako guda a kai ba ta gusa ba. Jiya na gan ta bakin rumbu da 'yan zabi tara, Gwaggo na juye musu gara daga tukunya.