Muciyar Mutanen Sikotland a Ƙauyen Carrbridge

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Edinbara ya sauke ni a Carrbridge da hantsi, cikin sanyin Oktoba mai ratsa ƙashi. Ƙaramin ƙauye ne a tsaunukan arewacin Sikotland, an san shi da tsohuwar gadar dutse da aka gina a 1717, amma abin da ya tara jama'a a ranar shi ne gasar duniya ta dama kunun oat, wani nau'in hatsi, wadda ake yi a can tun 1994.

Ni kam idona yana kan sandar da suke damun da ita, wadda suke kira spurtle. Siririya ce sumul, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, ba ta da faffaɗan baki irin na cokali, kuma a samanta an sassaƙa furen ƙayar nan da ke alamta ƙasarsu. Muciyarmu ta tuƙin tuwo ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, domin tuwo sai da ƙarfin dantse, wannan kuwa da yatsu ake juya ta. Wata dattijuwa da na zauna kusa da ita ta fahimtar da ni cewa sirantar ce ke sa ta ratsa kunun ba tare da ta tattara shi gefe guda ba, shi ya sa ba ya yin gudaji. Ta ƙara da cewa kakanninsu da hannun dama suke damawa, suna bin juyin agogo, wai wanda ya saɓa ya gayyato Shaiɗan. A rukunin gargajiya na gasar ba a yarda a zuba komai ba sai oat da ruwa da gishiri, kuma kyautar zakara ita ma siffar sandar ce, Golden Spurtle. Na ɗanɗana kunun, kuma gishirin ya zauna masa fiye da yadda na zata.

Farashin sandar ne ya ɗaure mini kai. Masassaƙin da ke sayar da ita ya ce fam goma sha biyar, na taya goma kamar yadda za a yi a Kasuwar Kurmi, ya yi murmushi ya nuna mini takardar da ke ɗaure a jikinta. A ganina kuɗin ya yi yawa a kan itace guda, sai dai aikin ya yi kyau, na biya. Dattijuwar nan kuwa ta saya mini shayi, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Daga nan na wuce Inverness, inda ruwan sama ya hana ni yawo, washegari na kamo hanyar kudu.