Ranar da takarda ta ƙaryata ni

Sati na uku da fara aiki a wani shagon tsofaffin zane-zane a Landan, maigidana ya miƙo min kwali ya ce in rubuta wa kowane zane shekararsa da farashinsa. A ciki har da Gin Lane na William Hogarth, zanen zambon nan na matar da giya ta bugar, jaririnta na suɓucewa daga hannunta ta gefen matakala, ita kuwa hankalinta na kan gwangwanin taba. Na duba kundi na ga 1751, na rubuta, na lafta masa kuɗi mai kauri ina jin kaina gwani.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ɗaga takardar ya yi ta fuskanci taga ya ce, "Yaro, me ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Ya ce, "To shi ke nan, ka ga amsar." Takardar zamanin Hogarth da hannu ake yin ta a kan ragar waya, in ka haska za ka ga layuka siri-siri a jikinta. Wannan kuwa sumul take. Ga ta ƙarama, a gefenta na hagu kuma ga hujin zare, alamar daga littafi aka ciro ta.

A nan na san bambancin jan ƙarfe da ƙarfe mai tauri. Hogarth ya mutu a 1764, a kan farantin jan ƙarfe yake sassaƙa zanensa sannan a buga shi a takarda, shi kuwa jan ƙarfe laushi gare shi, ana ta bugawa layukan na cinyewa. Jacob Perkins, Ba'amurken da ya zo Ingila a 1819, shi ya yaɗa sassaƙa a farantin ƙarfe, asali don buga takardun kuɗi. Faranti ɗaya sai ya fitar da dubbai bai gaji ba. Masu buga littattafai suka yi caa, aka sake sassaƙa ayyukan Hogarth ƙanana-ƙanana don littattafan 1830 da ɗoriya. Nawa ɗaya ne daga cikinsu: tsoho ne da gaske, amma jika ne, ba kaka ba.

Daga baya idona ya buɗe. Da gilashin ƙara girma, layin ƙarfe yakan fito siriri a matse, inuwarsa toka-toka kamar hazo. Zane-zanen zambon James Gillray da mai buga littattafai Henry Bohn ya sake bugawa wajen 1850 ma ba sa ɓuya, yawanci gaba da baya aka buga su, da lamba a kusurwa. Ɗigo-ɗigon nan masu kama da tsatsa kuwa, da nake ɗauka shaidar tsufa ce, yawanci danshi ne ke jawo su, kuma rage kuɗi suke yi.

Abin da har yau bai kwanta min ba shi ne farke littafi. Na ga dillali ya sa wuƙa ya ɓalle zanen George Cruikshank daga tsohon bugun Oliver Twist, don ɗai-ɗai a cikin firam sun fi littafin gaba ɗaya kawo kuɗi. Ragowar shafukan ya watsa su kwandon shara. Maigidana yakan sayi irin waɗannan in sun zo, amma bai taɓa farkewa da hannunsa ba. Ni dai ban ga wani babban bambanci ba, kuma na faɗa masa.

Gin Lane ɗin nan ni na saye shi, da ragin ma'aikaci. A bayansa har yanzu akwai 1751 da fensirina, maigida ya hana ni gogewa.