Alat ba kuɗi ba ne

Ƙannena masu saye da sayarwa a gwanjon intanet, sau biyu aka yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma duk biyun gaggawata ce ta ja mini.

Na farko ina mai sayarwa. Na sa wata kwamfutar tafi-da-gidanka a wani zauren WhatsApp na 'yan gwanjo, aka yi ta tayi, wani ya zarce kowa, na ce na sallama. Ko minti goma ba a yi ba sai ga alat a wayata, da sunan bankina, kuɗi cif-cif. Ga ɗan acaɓan da ya aiko tsaye a bakin shago, ko injin bai kashe ba, sai cewa yake, "Alhaji, a taimaka, ina da wani aiken." Na naɗe kwamfutar a leda na miƙa masa, har da caja da jaka, wai ni mai kyauta. Sai bayan la'asar na buɗe manhajar banki. Ko sisi bai shigo ba. Saƙon tes kowa na iya ƙirƙirarsa ya sa masa sunan banki, haka ma hoton rasit. Yanzu ko limamin unguwarmu ne, sai na shiga asusu na ga kuɗin sun zauna kafin kaya ya bar hannuna.

Na biyu ya fi ciwo, don a lokacin ina ganin idona ya buɗe. Na yi tayin wata kyamara a eBay, wani shafin gwanjo na intanet, wani ya fi ni. Kwana biyu sai ga imel, wai wanda ya ci ya fasa, za a bar mini a farashina, amma in biya ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a matsayin aike ga dangi da abokai don a kauce wa caji. Lallai eBay na da tsarin ba wanda bai ci ba dama ta biyu, sai dai tayin gaskiya a cikin asusunka na eBay yake bayyana, a can kuma ake biya. Ban duba ba. Mai imel ɗin ma ba shi ne mai kyamarar ba. Da a matsayin kuɗin sayen kaya na biya a PayPal, da ina da kwana 180 na kai ƙorafi. Aiken dangi kuwa kyauta ce, ba ta da kariyar mai saye.

Akwai kuma mai turo fiye da farashi ya ce kuskure ne, a mayar masa da rara ta wani asusun daban. Kuɗin na katin sata ne. Ranar da aka janye su, rarar daga aljihunku ta fita. Lambar sirrin da banki ke turowa ta waya kuwa, ba a karanta wa kowa, ko ya rantse da abin da zai kashe shi.

Linzamin kwamfutar nan kaɗai na manta ban haɗa wa ɗan acaɓan ba. Yana nan a durowar shago.