Yadda mummunar ƙuna ke karya garkuwar jiki daga ciki

Na daɗe ina ɗauka cewa duk wanda ya ƙone kuma ya wuce kwanakin farko a asibiti ya tsallake rijiya da baya, har sai da na fahimci cewa da yawa daga cikin masu mummunar ƙuna bayan makonni suke rasuwa, lokacin da ƙwayoyin cuta suka shiga jini jiki kuma ya kasa tare su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara.

Idan ƙuna ta ci kashi 20 cikin ɗari na fatar babban mutum ko fiye, lamarin ya wuce fata. Ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda, su kuwa sai su kwararo sinadaran kotisol da adirenalin cikin jini. Da farko taimako ne, domin suna riƙe ƙarfin bugun jini, suna kuma sakin sukari don jiki ya samu kuzari. Matsalar ita ce ba sa sauka da wuri. Zuciya ta yi ta gudu, tsoka ta yi ta narkewa, kuma a yaran da suka ƙone sosai an ga wannan hali ya kai shekara uku.

Abin da ya fi damuna shi ne illar kotisol ga fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, waɗanda su ne ke gane cuta su kuma tuna ta. A cikin kowace ƙwaya akwai tsarin da take bi ta kashe kanta idan ta samu umarni, kuma yawan kotisol yana cikin abubuwan da ke ba da wannan umarni. Saboda haka sai su riƙa mutuwa da yawa a saifa da kuma taimus, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji inda ake rainon wasunsu. A gwajin da aka yi kan ɓeraye, da aka toshe hanyar da sinadarin ke bi ya shiga aiki, mutuwar ƙwayoyin taimus ta ragu. Wasu fararen ƙwayoyin jinin kuwa, waɗanda ake kira nutrofil, sukan ƙi mutuwa a kan lokacinsu, su daɗe suna rura kumburi har ya taɓa huhu.

Wannan ne ya sa likitoci ke gaggawar cire matacciyar fata su dasa wata, su kuma fara ciyar da majinyaci tun da wuri. A 2001, likita David Herndon da abokan aikinsa a jihar Texas ta Amurka sun nuna cewa maganin furofaranolol, wanda ke rage tasirin adirenalin, ya sassauta bugun zuciyar yara masu ƙuna, ya kuma hana tsokarsu ci gaba da narkewa.