Allon “ba a shiga da bindiga” a ƙofar kantin Amurka

Duk wanda zai buɗe kanti, gidan mai ko gidan abinci a Amurka, ko zai kama aikin gadi a can, ya kamata ya san cewa gyara na biyu na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya ba mutane 'yancin riƙe makami, gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure na mai shago ba. Mai wuri yana da ikon cewa kada a shigo masa da bindiga. Sai dai yadda zai faɗa, da abin da zai samu wanda ya ƙi ji, kowace jiha da nata tsarin, kuma a nan ne masu shaguna da yawa suke yin aikin banza.

Jihohin sun rabu gida biyu. A wasu, irin su Georgia, Pennsylvania da Indiana, allon da aka manna a ƙofar kanti ba doka ba ne. Wanda ya wuce shi da bindiga a ƙugu bai yi laifi ba tukuna, sai an ce masa ya fita ya ƙi, sannan ya zama mai kutse. A wasu kuwa, kamar Texas, Illinois da South Carolina, wuce allon kaɗai laifi ne, amma fa sai allon ya cika sharuɗɗan da doka ta gindaya.

Texas ta fi kowace jiha ba da ciwon kai. Allo uku mai kanti yake buƙata idan yana son rufe ƙofa gaba ɗaya. Na sashe na 30.06 na dokar laifuka ta jihar yana hana mai lasisi shiga da fistol a ɓoye. Na 30.07 yana hana mai lasisi shiga da ita a bayyane, abin da aka halatta tun 1 ga Janairun 2016. Na 30.05 kuma na waɗanda suke yawo da bindiga ba lasisi ne, wanda jihar ta ba wa 'yan shekara 21 zuwa sama dama tun 1 ga Satumban 2021. Wanda ya kafa 30.05 kaɗai ya tare marasa lasisi, mai lasisi zai wuce abinsa. Wanda ya kafa 30.07 kaɗai ya hana nunawa ne kawai. A sa riga a kai, shi ke nan. Kantuna da yawa da gangan suke yin wannan na biyun, don abin da ya dame su kada mai sayayya ya ga bindiga ya tsorata.

Kowanne daga cikin allunan dole a rubuta shi da Turanci da Sifaniyanci, da manyan baƙaƙe masu tsayin inci 1 aƙalla, launin rubutu ya bambanta sosai da na bango, a kuma sa shi inda mai shigowa zai gani. Kalmomin 30.06 da 30.07 sai sun zama daidai da na littafin doka, ba a taƙaitawa. Kurakuran da ake yi kusan iri ɗaya ne kullum: a buga a takardar ofis baƙaƙen su kasa kai inci, a manta da Sifaniyancin, a manna farin rubutu a gilashi mai haske har ya ɓace da rana, ko a sa a babbar ƙofa a bar ta gefe alhali 30.07 da 30.05 suna son kowace mashiga. Hoton bindiga da jan layi a kai, irin wanda ake sayarwa da arha, ba ya ɗaure mai lasisi a Texas ko kaɗan. Masu bindiga sun haddace waɗannan ƙa'idoji fiye da masu shagunan, har akwai masu auna tsayin baƙaƙe.

A Texas hukuncin wuce allo mai inganci tara ce da ba ta wuce dala 200 ba. Amma idan ma'aikaci ya faɗa wa mutum da baki ya fita ya turje, laifin ya hau zuwa mai ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar dala 4,000. Wato maganar baki ta fi allon nauyi. Don haka abin da ya kamata a koya wa mai karɓar kuɗi ko mai gadi gajere ne: ya kira manaja, a faɗa wa mutumin sau ɗaya cikin ladabi a gaban shaida, kada a taɓa shi, kada a ce ya ciro bindigar ya miƙa. In ya ƙi fita a kira 911, lambar kiran gaggawa, a bayyana cewa ba ya barazana ga kowa, don 'yan sanda su san irin shigowar da za su yi. Mashayar da aƙalla kashi 51 cikin ɗari na cinikinta na barasar da ake sha a wurin ne kuwa, nata jan allon daban ne, kuma shiga da bindiga can babban laifi ne, ba maganar tara ba.

Sauran jihohin su ma da nasu awon. Illinois inci 4 da 6 ne, zanen da 'yan sandan jiha suka amince da shi. South Carolina faɗi inci 8, tsayi 12, a kafa tsakanin inci 40 da 60 daga ƙasan ƙofa.

Manyan kamfanoni sukan kauce wa duk wannan, su yi roƙo kawai. A Satumban 2013 shugaban kamfanin shagunan kofi na Starbucks a lokacin, Howard Schultz, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a daina shigo da bindiga, ya kuma fito fili ya ce ba haramtawa ba ce. Gidajen abinci na Chipotle da kantunan Target sun bi sahu a 2014. Walmart ya roƙi a daina shiga da ita a bayyane a Satumban 2019, wata guda bayan harbin da aka yi a kantinsa na El Paso. Dalilin roƙon a fili yake: ba kamfanin da ke son yarinya mai haɗa kofi ta tsaya jayayya da mai makami.

Masu bindiga kuwa martaninsu kala-kala ne. Wasu su juya su tafi wani kantin, su bar wa manaja ɗan kati mai cewa in ba bindiga ba kuɗi. Akwai shafukan intanet da manhajojin waya da ake jera sunayen wuraren da suka kafa allo. Wasu, musamman inda allon ba doka ba ne, su shige da abarsu a ɓoye su ce abin da ido bai gani ba ba a shari'arsa. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta kasuwar Greenwood Park a Indiana a Yulin 2022, inda wani saurayi mai shekara 22 ya harbe maharin da ya kashe mutum 3, duk da ƙa'idar wurin ta hana makami. Masu shago su ma da tasu hujjar: kuskuren harbi, da cacar baki kan layi ko canji da za ta iya rikiɗewa ta zama kisa.

Mafi yawa dai mota suke komawa su ajiye, kuma a ganina nan ne haɗarin da ba a cika lissafawa ba. Fasa gilashi a filin ajiye motoci na daga cikin manyan hanyoyin da bindigogi ke faɗawa hannun ɓarayi a Amurka, kuma ɓarawo ya san motocin da ke gaban wurin da ya kafa allo. Aljihun gaban mota ba ma'aji ba ne, sukundireba ke ɓalle shi. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai kulle, a zarga igiyarsa ta ƙarfe a ƙafar kujera, a tura shi ƙasa. A cire bindiga tare da kubenta gaba ɗaya, don yawan zarewa da mayarwa a matsatsin kujera ne ke sa riga ko yatsa su taɓa kunama. Gara kuma a yi ajiyar kafin a iso, a kuma ɓamɓare sitikar kamfanin bindiga daga gilashin baya.

Filin motocin kansa an sha shari'a a kansa. A 2002 kamfanin katako da takarda na Weyerhaeuser ya kori ma'aikata a masana'antarsa ta Valliant da ke Oklahoma saboda an samu bindigogi a motocinsu. Jihar ta yi dokar da ta hana kamfanoni irin wannan hani, kamfanin mai na ConocoPhillips ya shiga cikin masu ƙalubalantar dokar a kotu, ƙungiyar kare 'yancin riƙe bindiga ta NRA ta yi kira a ƙaurace masa a 2005, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta tabbatar da dokar a 2009. Florida ta yi irinta a 2008, Texas a 2011. Saboda haka mai kanti a waɗannan jihohi yana iya hana ma'aikacinsa shigowa ciki da bindiga, amma kafin ya rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa har a kulle cikin mota ba a yarda ba, ya fara tuntuɓar lauya.