Farin da ke jikin tonka ba fumfuna ba ne

Jiya wata Hajiya ta shigo shagona na turare nan Tudun Wada, ta buɗe kwalbar tonka ta ga fari-fari a jikin 'ya'yan, wai kayana sun yi fumfuna in rage mata kuɗi. Na ce haba Hajiya, ai wannan farin shi ake saye! Shi ne kumarin, sinadarin ƙanshin da ke tsatsowa daga cikin ƙwayar ya daskare a baya kamar gishiri.

Tonka ɗan itace ne na dazukan Kudancin Amurka, wajen Benezuwela da Barazil, baƙi ne dogo duk ya yamutse kamar busasshen dabino. In kin shinshina za ki ji banila, ki ji kirfa, can ƙasa kuma kamar ciyawar da aka yanka ta sha rana. Daga jikinsa aka fara fitar da kumarin a 1820, a 1868 wani Bature a Ingila ya haɗa na roba, shi ya sa yau turarukan kanti da yawa ƙanshin tonka suke yi alhali ko ƙwaya ɗaya ba su gani ba.

Ni a hannun goggona na koyi haɗi, a cikin birni kusa da Ƙofar Doka, tun ina yarinya nake wanke mata farce in soya, in daka kajiji har hannuna ya yi kanta. Ita ba ta san tonka ba, Allah Ya jiƙanta, amma ita ta koya min cewa ƙanshi ba ya son gaggawa. Haka nake yi da tonka, in goge shi a abin goga kaɗan-kaɗan, in jiƙa a man sandal in rufe in ajiye a duhu sati shida, kafin ya shiga humra ko in zuba a itacen turaren wuta lokacin da sukari ya narke. Shi ke riƙe sauran ƙanshin, ki wanke mayafi ki goge har yanzu yana nan.

To ga masu kwaikwayo, su tsiyaya filebon kek na banila a sukari su ce tonka ne, rabin kuɗina, a garwashi sai ƙauri. Sannan a zo min ana ciniki da farashinsu! Akwai ma wani mai kawo min kaya da ya taɓa turo min tsoho wanda ya bushe ƙayau ba mai ba ƙanshi, na mayar masa.

Masu tambaya ko ana sa tonka a kek da kunun gyaɗa, ana sawa, amma ɗan gogawa kaɗan kamar gyaɗar ƙanshi, don yawansa yana taɓa hanta, Amurka ma tun 1954 ta hana sa shi a abinci.

Na amare da na jiƙa watan jiya saura sati biyu ya nuna, mai biki ta yi magana da wuri don ba na buɗe kwalba kafin lokacinta.